Turancin Tsayawa

Turancin Na'ibi ba shi da yawa, kuma kusan dukkansa na tsayawa ne. Bai iya gaisuwa da shi ba, bai iya cinikin tumatir da shi ba. Amma in maganar a dakatar da abu ce, ko a tashi daga kansa, to kalmar tana bakinsa tun kafin Bature ya gama buɗe nasa. A soja ya samo su, lokacin da aka kwashi samarin Arewa zuwa yaƙin Bama. Ya dawo kofur, da igiya biyu a hannun riga da tabon harsashi a cinya. Ya koma garinsu ya kasa zama, sai ya bi ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa. A Sudan ya yada zango, ya yi noman auduga, a can ya auri Dela, suka ƙetaro teku tare. Da suka sauke farali ba su koma ba. Suka kama ɗaki a Jidda, bayan unguwar Sharafiyya, cikin gidajen katako da langa-langa inda Hausawa suka taru, tsofaffin zuwa da sababbi.

A tashar jiragen ruwa yake aiki, wurin wasu Turawa masu sauke siminti da ƙarfe. Aikinsa ya tsaya a ƙasa yana kallon kaya a sama, ya riƙa yi wa Baturen da ke cikin injin ɗaga kaya magana da baki da hannu. In ya ce sitof, injin ya tsaya cak, buhunan siminti na lilo a kan kawunan leburori. In ya ce finish, a kashe inji kowa ya nemi inuwa.

Dela ta mai da wannan Turanci abin wasa. Wata rana da yamma yana shan shayi a tsakar gida, ita kuma tana tankaɗe, ta ce, "Kofur, wai duk tsayawar nan ba ɗaya ba ce? Mu dai in an ce bari, an gama. Larabawa su ce halas. Su kuma mutanenka sai sun tara kalmomi kamar kayan miya."

"Ba ɗaya ba ce," in ji shi. "Sitof ta inji ce da mota. Ka tsaya, amma hannunka na kan ƙarfe, don za a ce ka ci gaba. Holti ta ƙafa ce. Inda ta same ka nan za ka kafe, ko cikin taɓo ne. Finish kuwa aikin ne ya ƙare, ba kai ba. Dismis, a watse, kowa ya kama gabansa."

"Saura wadda kake ihu da ita in ka yi barcin rana."

Ya ajiye kofin.

"Sisfaya," ya ce. "Wannan ta hannu ce. Kana ganin mutum, bakin bindigarka na kansa, cikinka na tafasa, sai a ce sisfaya. Ka ɗauke yatsa. Ba don ka huce ba, ba don ya ba ka haƙuri ba."

"In ka ƙi fa?"

"Ba a ƙi. Saje Ubale ya gasa mu a rana kan wannan kalma har sai da jiki ya riƙa jin ta kafin kunne."

Ta sa ya kwatanta mata yadda Saje Ubale ke faɗa. Ya ƙi, ta nace, ya yi mata ƙasa-ƙasa: a ja farkon daga ciki, a saki ƙarshen kamar bulala. Tun daga ranar akuyar maƙwabta ba ta ƙara shiga gidan ba tare da an ce mata holti ba, tuwo in ya ƙare a tukunya finish ne, matan da suka zo hira in magariba ta yi, sai dismis. Sau ɗaya ta gwada waccan babbar, wasu zakaru biyu na faɗa a gindin randa. Ta cika ƙirji ta kwatsa ta da muryar Saje. Zakarun ba su kula ba. Na'ibi da ke zaune a bayanta, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa ya tarwatse, yatsunsa a buɗe. Ta yi dariya har da hawaye. Da ta waiwaya ta ga fuskarsa sai ta haɗiye sauran.

Akwai abin da su biyun suka sani, ba sa kuma zancensa. Hannun Na'ibi in ya tashi ba ya sauka da kansa. Shekarar da suka zo, wani direban babbar mota ya yi baya a tasha ya take ƙafar lebura, ya leƙo ta taga yana zagin wanda ya taka. Na'ibi ya fizgo shi ƙasa. Abin da ya biyo baya bai tuna ba, sai dai aka ba shi labari: ana ta halas, ana ta bari, ana haɗa shi da Allah da Annabi, shi kuwa yana ta kirɓa kan mutum a jikin taya. Sai da ƙarti suka taru suka danne shi. Direban ya rayu, shi ya sa abin ya tsaya a bulala da ɗan zaman kurkuku. Bayan ya fito, wata Juma'a hanya ta bi da shi ta filin da ake zartar da hukunci. Ya ga taro, ya ga mutum a durƙushe da hannu a baya, ya ga walƙiyar takobi. A ƙasar nan wanda ya kashe, can zai ƙare. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Daga ranar in ya ji hayaniya a lungu sai ya canza hanya. In aka zage shi sai ya haɗa hannuwansa a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya, ya wuce.

Shekarar da rediyo ke ta zancen Najeriya ta sami mulkin kai, ƙanin Dela ya iso daga Sudan. Ɗan'azumi mahauci ne, ƙato mai faɗin ƙirji da yawan dariya, kuma ɗan dambe ne da aka sani a ƙauyukan Hausawa na bakin Nilu. Ya kafa tebur a bakin hanya yana sayar da naman akuya. Tsakaninsa da mijin yayarsa sai tsokana.

"Yaya Kofur, an ce ka yi yaƙi. Ni kuwa na ga ko kyanwa ta yi tsaki sai ka sauya lungu."

"Kyanwar garin nan ba irin ta ƙauyenku ba ce, mahauci. Ka sai da namanka."

Rigimar ta fara ne a bazan, wurin famfon da unguwa ke ɗiban ruwa. Masu ga-ruwa ke da iko da wurin, shugabansu kuwa Abdulghani ne. Kakanninsa daga Katsina suka zo, amma shi a Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Siriri ne dogo, ba a raba shi da sandarsa ta gora mai kaurin wuyan hannu, wadda yake rawar muzmar da ita. Muzmar wasan samarin Hijaz ne. A hura wuta, a kewaye ta da ganguna, maza su shiga biyu-biyu suna juya sanda, kuma sau da yawa rawar kan rikiɗe ta koma duka.

Ɗan'azumi ya zo bazan da wuƙaƙensa da faranti duk jini, ya tsallake layin garewani ya tara a bakin famfo. Ruwan jini ya gangara ƙarƙashin garewanin mutane.

"Ya walad!" in ji Abdulghani. "Esh hada? Nan ruwan sha ne, ba mahauta ba. Yalla, ɗauke ƙazantarka."

"Wa kake ce wa walad? Ni na yi kama da yaron gidanku?"

"Kai baƙo ne. Jiya ka sauka daga jirgi, ƙurar Sudan ba ta bar ƙafarka ba."

"Kai kuma ka daɗe har ka manta bakin ubanka. Ajiye sandar nan in kai namiji ne, mu ga abin da ya rage."

Abdulghani ya sa ƙafa ya ture farantin. Ɗan'azumi ya shaƙe wuyan rigarsa. Aka shiga tsakani, amma magana ta riga ta fita gaban jama'a. Aka yanke cewa ranar Sallah bayan la'asar, a filin da ake muzmar, za su raba raini.

Tun daren jajibiri bai yi ba Dela ta tare mijinta.

"Ka hana shi."

"Na yi masa magana. Ya ce in ya fasa ba mai ƙara sayen namansa."

"To ka bi shi."

"Kin san ba na zuwa irin wuraren nan."

"Na sani. Amma ba shi da kowa a garin nan sai mu. Ba na ce ka sa hannu ba, Malam. Ka tsaya kawai a gan ka a bayansa."

Ya dubi hannuwansa. Ya ce to.

Filin wani kango ne tsakanin gidaje, ƙasarsa gishiri-gishiri. Rana ta yi sanyi amma iska ba ta motsi, gumi na bin kowa cikin sababbin kaya. An hura wuta a tsakiya ana gasa fatun ganguna. 'Yan unguwa haifaffun Jidda sun yi gefe guda da sandunansu. Mahauta da leburori sababbin zuwa sun yi nasu gefen, har sun samo mai kalangu. Mata sun hau rufin gidaje suna leƙe ta bayan katanga. Na'ibi ya hango mayafin Dela a rufin gidan Larai mai ƙosai, ya kau da kai. Ya tsaya bayan Ɗan'azumi, hannu a baya, yana kallon wani mahauci na naɗa masa zare a hannun dama har ya zama dunƙule mai tauri kamar dutse.

Baba Othman ne babban wurin, dattijon unguwa mai farin gemu da rawani ruwan ɗorawa. Ya ɗaga hannu, ganguna suka yi shiru.

"Ba a haɗa sanda da hannu," ya ce. "Ya Abdulghani, ajiye ta."

"Hadir, ya ammi." Wato to, Baba. Abdulghani ya jingine sandar kusa da wuta, ya tuɓe riga.

Iyakar sharaɗin da aka yi ke nan. Ba wanda ya tambayi yadda faɗan zai ƙare, domin kowa a filin ya san amsar. Mahauta sun san cewa a dambe, da zarar gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa, shi ke nan, an gama, mai nasara ya juya ya tafi wurin makaɗa. 'Yan muzmar kuma sun san cewa faɗuwa ba komai ba ce. Mutum kan faɗi ya tashi, kansa na jini, ya ci gaba, ba a gama ba sai babba ya cire rawaninsa ya jefa tsakani. Na'ibi ya san ta farko tun yana yaro. Ta biyun bai sani ba, don duk zamansa a unguwar bai taɓa tsayawa kallon muzmar ba.

Suka shiga. Ɗan'azumi ya miƙa hagu a buɗe, ya ja dama baya, yana tafiya a karkace. Abdulghani na zagaya shi da sauri irin na mai rawa. Shi ya fara kai hannu, ya sami Ɗan'azumi a baki, leɓe ya fashe. 'Yan sanduna suka yi sowa. Ya ƙara, ya same shi a ido. Ɗan'azumi ya tofar da jini ya yi murmushi.

"Wannan ne dukan? Yayata ta fi ka hannu."

Abdulghani ya kutso da fushi. Abin da mahaucin ke jira ke nan. Ya tare da hagu, ya saki damar nan mai zare daga ƙasa. Ƙarar ta kai har kan rufin gidaje. Abdulghani ya yi baya taga-taga, ya zube kan gwiwoyinsa kusa da wuta, tafin hannunsa a ƙasa, jini na zuba daga hanci.

Mai kalangu ya ɓarke da kiɗa. Mahauta suka yi tsalle. Ɗan'azumi ya ɗaga hannu sama, ya juya baya, ya nufi makaɗi yana taku yana kirari.

Na'ibi ya saki numfashi. A ransa ya ce finish. Sai idonsa ya kai kan Baba Othman, ya ga dattijon na tsaye yadda yake, rawani a ka, yana kallon Abdulghani kamar mai jiran abu. Ya ga 'yan sanduna ba wanda ya sunkuyar da kai. Ihu suke yi, "Gum! Gum, ya Abdu!" wato ya tashi.

Abdulghani ya tashi. A wurinsa faɗa na nan, kuma mutumin da ya juya masa baya a tsakiyar faɗa, gaban unguwa, ya yi masa cin mutuncin da ya fi naushin ciwo. Hannunsa ya faɗa kan sandar da ke jingine. Baba Othman ya gani, ya kai hannu ga rawani ya fara warwarewa, amma rawanin Sallah ne, an naɗa shi da kyau.

Na'ibi ya buɗe baki. Bai kai ga furta komai ba.

Sandar ta sauka a ƙeyar Ɗan'azumi da ƙara irin ta fasa ƙwarya. Kirarin ya yanke a tsakiya. Ƙaton ya tafi gaba ɗaya ya faɗi rubda ciki, fuskarsa cikin ƙasa, hannun nan mai zare ya miƙe gefe, ƙafarsa ɗaya na karkarwa. Jini ya fito ta kunne.

Filin ya yamutse. Mahauta suka afka, sanduna suka tashi. Aka ture ganga cikin wuta. Wani ya kwashi garwashi da faranti ya watsa, wani ya kurma ihu yana kakkaɓe riga. Mai kalangu ya faɗi aka bi ta kansa. Sanda na sauka kan kafaɗa, kan haƙarƙari, kan duk abin da ta samu.

Na'ibi bai san lokacin da hannunsa na hagu ya saki na dama ba. Ya dai ga filin ya tsuke, komai ya dushe, saura mutum ɗaya tsaye da sanda. Wani ya sha gabansa, ya ɗauke shi da gwiwar hannu, haƙora suka zube. Wani ya maka masa gora a gadon baya, bai ji ba. Abdulghani ya gan shi tafe, ya ɗaga sanda ya kawo duka. Na'ibi ya shige ƙarƙashinta yadda aka koya masa shiga ƙarƙashin bindiga, ya cafke hannun, ya juya, ya karya shi a kan kafaɗarsa. Ƙashin ya yi ƙara. Abdulghani ya yi wata irin kuwwa. Na'ibi ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, ya hau ƙirjinsa da gwiwa, ya shiga saukar masa da hannu a fuska. Hanci ya baje. Gira ta tsage. Kan na bugun ƙasa yana dawowa.

Rawanin Baba Othman ya faɗo a kansu, dogon ƙyalle ruwan ɗorawa. Nan take 'yan sanduna suka ja baya, kowa ya sauke gorarsa, kamar an yanke igiya. Mahauta da suka ga haka su ma suka tsaya suna haki. Na'ibi ya fizge ƙyallen daga kafaɗarsa ya yar. Bai san me ake nufi da shi ba, ko da ya sani ma ba zai gane ba a lokacin.

"Halas! Halas, ya Na'ibi!"

"Bari! Kofur, bari, za ka kashe shi!"

"Ka ji tsoron Allah! Ku riƙe shi!"

Biyu suka kama kafaɗunsa, ya watsar da su. Muryoyin na zuwa masa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Hannunsa ya laluba gefe ya sami ɗaya daga duwatsun da aka kewaye wuta da su. Da zafinsa, fatar tafinsa ta yi cuu, bai saki ba. Ya kama shi da hannu biyu ya ɗaga sama da kansa. A ƙarƙashinsa Abdulghani ya buɗe ido ɗaya da ya rage, yana kallon dutsen, leɓunansa na motsi ba sauti.

"Siiis-faya!"

Daga sama ta zo. An ja farkon daga ciki, an saki ƙarshen kamar bulala.

Hannuwan suka tsaya inda suke. Ba shi ya tsayar da su ba. Cikinsa na nan na tafasa, yana son ya sauke dutsen fiye da yadda ya taɓa son wani abu, amma daga kafaɗa zuwa yatsu jikin ya ƙi. Ya ji warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye na wani daji mai nisa. Sannan warin ya tafi, ya ji na fatarsa da ke ƙuna.

Filin ya yi tsit. Mutane suka ɗaga kai suna neman sojan da ya yi magana. Mace suka gani a kan rufin Larai, tsaye a kan katanga, mayafi ya zame, tana riƙe da maƙogwaro. Ta ɓace daga wurin. Jim kaɗan sai ga ta ta fito ta ƙofar gidan a guje ba takalmi, ta ratsa maza, ba wanda ya ce mata mace ba ta shiga fili.

Ba wurin mijinta ta fara zuwa ba. Ta durƙusa gaban ƙaninta, ta juyo da fuskarsa, ta share ƙasar da ta toshe masa hanci, ta kara kunnenta a bakinsa. Na'ibi na kallonta ta gefen ido, dutse a sama.

"Yana numfashi," ta ce. Ta ɗaga murya. "Yana numfashi! Ku nemo mota, ku kuna tsaye kamar gumaka!"

Sai ta taso ta zo gabansa. Ta dubi abin da ya rage na fuskar Abdulghani, ta dubi dutsen.

"Malam," ta ce a hankali, da muryarta ta kullum. "Jefar da shi can."

Ya karkata ya sake shi gefe. Dutsen ya faɗi da nauyi, da 'yar fatar tafinsa manne a jiki. Ya sauka daga ƙirjin mutumin ya zauna a ƙasa, hannuwa a buɗe kan gwiwa. Abdulghani ya ja iska da kakari a maƙoshi, ya yi tari, ya mirgina yana kiran uwarsa da Larabci.

Baba Othman ya tsugunna ya ɗauki rawaninsa daga ƙasa, duk jini da toka.

"Me ya sa yaronku ya juya baya?" ya tambayi mahautan. "Ban jefa ba. Kowa ya ga ban jefa ba."

"Jefa me, Baba?" in ji wanda ya ɗaura zaren. "Mutum ya kai ƙasa. Gwiwa da hannu. Me ya saura?"

Dattijon ya dube shi, ya dubi rawanin.

Aka kwashi biyun a bayan motar wani mai ɗaukar yashi zuwa asibiti. 'Yan sanda suka iso bayan an gama, suka tattara wanda suka samu. Na'ibi bai gudu ba. Yana zaune inda yake har suka zo suka ɗaga shi.

Ba wanda ya mutu, don haka ba a kai ga takobi ba. Alƙali ya yanke bulala da kurkuku, ga Na'ibi da Abdulghani duka, bayan an sallamo shi daga asibiti. Ɗan'azumi ya farfaɗo, amma kunnensa na dama ya tafi, kuma in ya yi saurin juyawa sai jiri ya ɗebe shi. Bai ƙara ɗaura zare ba. Hannun Abdulghani ya ɗoru a karkace, ba ya iya juya sanda, hancinsa ya zauna a kwance. In sun haɗu a bazan ba sa gaisawa, amma mahaucin kan bi layi, shugaban 'yan ga-ruwa kuma kan kau da kai har ya gama.

Ranar da aka sako Na'ibi da hantsi ya iso gida. Ya rame, tafin hannuwansa sun warke da tabo mai sheƙi, yatsun ba sa rufewa sosai. Dela ta kawo masa ruwa, ta dafa shayi, ta zauna nesa kaɗan tana tsince shinkafa. Akuyar maƙwabta ta turo kai ta ƙofa ta nufi tiren.

"Kai, tafi can," in ji Dela, ta jefe ta da ɗan tsakuwa.

Na'ibi ya lura. Ya riƙe kofin da hannu biyu ya kurɓa.

"Ba ki ce mata holti ba."

"Na daina."

Daga bakin hanya ana jin Ɗan'azumi na sara ƙashi a kan tebur, yana yi wa mai saye ihu don ba ya jin muryar kansa.

"Da bai yi numfashi ba fa?" ya ce, bai dube ta ba. "Lokacin da kika kara kunne. Ina riƙe da dutsen."

Hannunta ya tsaya cikin shinkafar.

"Sha shayinka, Malam," ta ce. "Zai huce."